Ra'ayinmu: Farantin Peltier da Zafin Kwamfuta

Da zarar bazara ta kama, kukan ɗalibai a ɗakunan kwana ɗaya ne: kwamfuta ta ɗau zafi, fanka tana gurnani, aiki ya tsaya. A irin wannan lokaci ne wasu 'yan'uwanmu, musamman masu neman abin da za su gina don kammala digiri, su kan juya ga wani ɗan faranti da a ke kira na Peltier. Wannan mujalla tana ganin wajibi ne a yi lissafi tukuna kafin a taɓa kuɗin guzuri.

Abin ba sabo ba ne. Tun 1834 wani Bafaranshe, Jean Peltier, wanda asalinsa maƙerin agogo ne, ya gano cewa in lantarki ya ratsa mahaɗar ƙarafa iri biyu, mahaɗar ta kan yi sanyi ko zafi gwargwadon inda wutar ta dosa. Sai a wajejen 1950 zuwa 1960, da aka soma amfani da haɗin ma'adinan bismut da teluriyam, abin ya kai ga shiga kasuwa. Farantin ba shi da ƙara, ba shi da iskar gas, babu abin da ke motsi a cikinsa. Ka ba shi wuta, nan da nan fuska ɗaya ta yi sanyi ƙarara. Wanda ya taɓa shi da yatsa a karo na farko ba zai rasa sha'awa ba.

Amma fa ba a nan gizo ke saƙa ba. Farantin ba ya kashe zafi, kwasarsa ya ke yi daga fuska ɗaya ya jibge a ɗayar, sa'an nan ya ƙara da nasa. Mu ɗauki wanda aka fi sayarwa, mai lamba TEC1-12706, wanda faɗinsa milimita 40 ne. Yana shan wutar da ta kai wajen wat 70, alhali iyakar zafin da zai iya kwashewa bai wuce wat 50 zuwa 60 ba. Kuma sa'ad da ya ke ɗauke da wannan cikakken kaya, bambancin sanyi tsakanin fuskokinsa biyu ya kan koma kusan babu. Digiri 60 da 'yan kai da a ke tallarsa da su, sai in babu kayan kome a kansa. To, ƙwaƙwalwar kwamfuta irin Core i9-13900K ta kamfanin Intel tana iya fitar da wat 253. Watau sai an jera faranti wajen biyar, a kuma nemi yadda za a fitar da fiye da wat 600 daga akwatin. An gudu gara an faɗa zago ke nan.

Akwai kuma raɓa. Kowa ya san yadda kofin ruwan sanyi ke gumi a watan Agusta. Haka farantin zai yi a kan allon lantarki in kwamfutar ta huta shi kuwa bai huta ba, kuma ɗigo guda ya isa ya jawo asara.

Kada a ce raini ne na ɗalibai. Intel da kansa ya gwada a 2020, tare da kamfanonin EK da Cooler Master, har da na'urar auna laimar iska don gudun raɓa. A 2023 ya janye daga shirin. In masu wuta dare da rana sun ga abin bai biya ba, ina ga mai dogaro da janareto ko batirin hasken rana?

Ba mu ce farantin banza ne ba. Inda zafin kaɗan ne kuma a ke son ma'auni ya tsaya cak, kamar fitilun leza na wayoyin sadarwa, da kyamarorin hangen taurari, da injunan gwajin ƙwayar halitta a asibiti, lalle yana da rana. Masu neman aikin digiri su duba can, malamansu kuma su riƙa tambayar lissafin wat kafin su sa hannu.

Amma ga kwamfutar ɗaki ko ta ofis, sai a buɗe ta a hure ƙurar hunturu daga fanka, a sake man da ke tsakanin ƙwaƙwalwar da ƙarfen shan zafi, a kuma daina ɗora ta a kan katifa.