Martani: Kyanwar Gida Ba Muzurun Bola Ba Ce

Wani marubuci ya buga cewa duk gidan da ke da mai juna biyu ya kori kyanwarsa, wai kowace mage tana zubar da ƙwayar toksoplasma. Ya yi kuɗin goro.

Tun 1970 masana suka tabbatar cewa a hanjin dangin kyanwa kaɗai ƙwayar ke yin ƙwai, wannan ba gardama. Amma mage tana fitar da ƙwan ne mako ɗaya zuwa uku, galibi bayan kamuwar farko. Ƙwan kuma sai ya kwana ɗaya zuwa biyar a cikin kashi kafin ya iya harbin mutum. Wanda ke kwashe kashin kullum da safe, ya wanke hannu da sabulu, ya riga shi.

Muzurun da ke farautar ɓeraye a bola ya fi kyanwar gida kamuwa nesa ba kusa ba. Kyanwar da aka kora kuwa ina za ta? Bolar nan dai, ta dawo tana tona ƙasar lambun alayyafo.

Marubucin bai ce uffan ba kan tsiren da cikinsa ke ja da latas marar wanki, alhali ta nan mutane da yawa ke kamuwa.