Kwamfutarka ta ƙi tashi? Dakata, kar ka bari a yi mata fomatin

Tun ranar 14 ga Oktoban 2025 da Microsoft ya kawo ƙarshen kula da Windows 10, za ka ga a TikTok da Facebook ana ta kiran matasa su koma Linux. Shawarar ba laifi, musamman in laftof ɗinka ta hannu ce, irin wadda Windows 11 ke ƙin hawa saboda ba ta da TPM 2.0. Abin da masu bidiyon ba sa faɗa maka shi ne, Linux tana ba ka wuƙa da nama, har da damar yanke hannunka.

Ko manya sun faɗa ramin. A Nuwamban 2021, Linus Sebastian, ɗan Kanada mai tashar Linus Tech Tips a YouTube, ya je saka Steam a Pop!_OS. Manhajar apt ta gargaɗe shi cewa za ta cire wasu muhimman sassa, shi kuwa bai tsaya karantawa ba, ya rubuta "Yes, do as I say!" Nan take fuskar kwamfutar ta ɓace, sai baƙin allo. Daga baya masu kula da apt sun toshe wannan ƙofa. Amma fa har gobe, in ka ce za ka cire python3 a Ubuntu don "rage nauyi", za ta ja sassa da yawa su bi ta, domin a kanta suka dogara.

To, in ta faru da kai, ka sani hotunanka da furojet ɗin makaranta suna nan daram. Ginin ne ya rasa ƙofa, kayan ɗaki ba su ƙone ba. Matsa Ctrl, Alt da F3 tare. In ta nemi suna da kalmar sirri, ka tsira da sauƙi. Buɗe /var/log/apt/history.log, nan aka rubuta duk abin da ka cire, ɗaya bayan ɗaya. Jona intanet, ko da ta wayarka ce da kebul, ka rubuta sudo apt install ubuntu-desktop.

In ko baƙin allon ma bai zo ba, nemi filashin da ka saka Linux da shi tun farko, ka tayar da kwamfutar daga kansa. Fara kwashe fayilolinka zuwa wani wuri tukuna. Bayan nan ne za a shiga tsohon tsarin da chroot a mayar da abin da ya ɓata, kuma a nan ba kunya ka kira wanda ya fi ka sani.

Inda nake jin haushi shi ne wajen gyara. Da yawa daga masu shago, da sun ga ba Windows ba ce, maganinsu ɗaya: fomatin. Minti talatin an gama, ka biya, aikin shekara uku ya tafi. Kafin ka miƙa ta, ka ce masa a fili kar ya taɓa hadis ɗin sai an kwashe abin da ke ciki, kuma a gabanka.