Ƙofar Na'isa a Cikin Tabarau

A shekarar 1970 da ɗoriya, in an ce za a mayar da ginin da ya rushe, sai a nemi magina da ƙasa da azara. Haka aka yi a Jos, inda aka kwaikwayi Masallacin Juma'a na Zariya, aikin Babban Gwani, bisa awon da Dmochowski ya yi. Yanzu kuwa an sami wata dabara, wato a zana ginin cikin kwamfuta, mutum ya ɗaura wani irin tabarau a fuska, ya ga kamar yana tafe cikin zauren. Wannan dabara ta cancanci a yi maraba da ita, musamman a Kano, inda aka rushe tsohuwar Ƙofar Na'isa a 2010 domin faɗaɗa hanya.

Amma fa akwai abin dubawa. Ginin ƙasa ba ya zama da kama ɗaya. Damina ta zaftare shi, rani a yi masa yaɓe, wani Sarkin Magina ya ƙara masa kauri, wani ya sāke masa zanko. To, wace Ƙofar Na'isa za a nuna? Ta zamanin Muhammadu Rumfa, wadda babu mai hotonta, ko wadda Turawa suka tarar a 1903, ko kuwa wadda katafila ta ture? Kwamfuta ba ta san shakka ba. Abin da aka auna da abin da aka kintata duk za ta fito da su sumul, ɗalibi ya ɗauka gaskiya ce tsantsa. Ya wajaba a bambanta su, ko da da launi ne, a kuma rubuta shekarar da ake nufi.

A nan ne aikin ya shafi Sashen Hausa. Masu kwamfuta sun iya zane, amma ba lalle ne su rarrabe bakan gizo da ɗaurin guga ba, balle su san yadda ake haɗa makuba. Wannan ilmi yana bakin tsofaffin magina, kullum kuma raguwa suke yi. Ɗalibai ne ya kamata su bi su da rikoda.

Babban abin tsoro shi ne hukuma ta mai da tabarau hujja, ta ce tun da an adana hoton badala, ba laifi a yanka filaye a kanta. Duk wanda za a ba kuɗin wannan aiki, a fara sa shi ya auna abin da ya rage a tsaye tukuna.