KUƊIN LASISIN REDIYO DA TALABIJIN: INA SUKE TAFIYA?

'Yan uwa jama'ar Jere da kewaye, akwai wani haraji da mutanenmu da yawa ba su san da zamansa ba sai ranar da aka kawo musu takarda a shago. Shi ne kuɗin lasisin rediyo da talabijin.

Kundin tsarin mulkin 1999, a jadawali na huɗu, ya ba ƙananan hukumomi ikon karɓar wannan kuɗi, ke nan a wurinmu Ƙaramar Hukumar Kagarko. A gefe guda kuma, dokar hukumar NBC da aka yi wa gyara a shekarar 1999 ɗin ta ce hukumar ce za ta tara kuɗin ta raba wa gidajen watsa labarai. Dokoki biyu na jan igiya ɗaya, talaka na tsakiya. Daga 2016 kuma jihar Kaduna ta mayar da tara haraji hannun hukumar KADIRS. To wa zai faɗa mana nawa aka tara da sunan rediyo, nawa ya isa gidan rediyo?

Idan an karɓi kuɗi da sunan abu, abin ya kamata ya gani a ƙasa. Gidan KSMC na jiha da NTA Kafanchan namu ne, su ya dace su riƙa kawo mana farashin citta a kasuwa, da sanarwar rigakafin yara, da gargaɗin tsaro a hanyar Abuja zuwa Kaduna, cikin Hausa da sauran harsunan kudancin jihar. Gidan da ba shi da kuɗin man janareto kuwa, dole ya koma yabon wanda ya saya masa man.

Mu duba Ingila. A 2000 gwamnati ta ɗauke wa duk wanda ya kai shekara 75 kuɗin lasisi, tana biya wa BBC daga baitulmali. A 2015 ta ɗora wa BBC nauyin, daga Agustan 2020 kuma sai tsofaffi masu ƙaramin ƙarfi kaɗai aka bar wa rangwamen. Darasin a fili yake: kyautar da ba a faɗi mai biyanta ba, ƙarshenta janyewa.

Wani zai ce a soke harajin kawai, kamar yadda Faransa ta yi a 2022. Faransa ta soke ne bayan ta ware wa gidajen wani kaso daga harajin kayayyaki. Mu wane tanadi aka yi?

Buƙatarmu uku ce. A wallafa abin da aka tara kowace shekara. A ware wa gidajen rediyo da talabijin na jama'a kaso sananne, kudancin Kaduna ya samu rabonsa. A yafe wa tsofaffi da zawarawa da masu buƙata ta musamman, a rubuta giɓin cikin kasafin kuɗi.

Kansilolinmu da ɗan majalisarmu na jiha, muna sauraronku. Ku kuma 'yan uwa, duk wanda ya biya ya karɓi rasit ya adana.

Allah Ya sa mu dace.