Kallon Kyauta Ma Yana Da Kuɗinsa

Da zarar an yi hutun makaranta sai yara su taso mu a gaba: "Umma, yaushe za ki kai mu Kano?" Ga shi aljihu ba nauyi. Shi ya sa da an ce wuri kaza kallo kyauta ne, sai mu zari mayafi.

Babban kallon kyauta a Kano shi ne hawan Sallah, wanda hukumar UNESCO ta sanya cikin al'adun duniya a Disambar 2024. Ba tikiti, ba mai tsaron ƙofa. Wata shekara na kwashi yarana uku daga Wudil zuwa Hawan Daushe. Muna tsaye kusa da Ƙofar Kudu 'yan bindiga suka saki wuta, jama'a suka yo baya, sai na ji hannuna wayam. Autana mai shekara biyar ya ɓace. Na fi minti ashirin ina kiran sunansa, muryata ba ta ko kai kunnena saboda tambura da algaita. A ƙarshe na same shi wajen wata dattijuwa mai awara, ta zaunar da shi a gefenta. Ta dube ni ta ce, "'Yar nan, hannu biyu ba ya riƙe yara uku."

Sai bayan isha'i muka tsallako gadar Wudil, kuɗin mota ya ƙaru, yara sun galabaita. Ban biya ko sisi a ƙofa ba, amma na biya a hanya, na kuma kusa biya da abin da kuɗi ba ya saye. Ranar da ba a karɓar kuɗi ita ce ranar da kowa ke zuwa.

Ban ce a daina fita ba, ga dai abin da na koya. Kada ki tafi ke kaɗai, kowane ƙaramin yaro ya samu babban da ke riƙe da shi. Ki rubuta lambar wayarki a takarda ki maƙala masa a riga. Kafin ku fita ki ɗauki hotonsu da kayan da ke jikinsu. Ki tafi da ruwa da abinci daga gida, ki kuma ware kuɗin dawowa daban. Idan hawa za ku gani, Hawan Nassarawa da safe ake yi, ya fi wa mai komawa Wudil sauƙi a kan Daushe da ake yi da yamma.

Abin da ya fi, ki zaɓi ranar da ba biki. Ku yi sammako ku hau Dutsen Dala kafin rana ta take, yara su ƙirga matakalansa 101, ki ba su labarin Barbushe. Daga nan ku biya karofin Ƙofar Mata, wanda aka kafa a 1498, su ga yadda farin ƙyalle ke komawa shuɗi a ramin baba. Ki riƙe ɗan na goro don masu yi muku bayani. Gidan Makama, da ya samo asali tun zamanin Sarki Muhammadu Rumfa, ana yankar tikiti, amma a ranar da ba cunkoso yaro zai tsaya ya kalla ya yi tambaya.

Idan kuɗin motar ma babu, kada ki damu. Mutane daga nesa suke zuwa kasuwar Wudil ranar Juma'a. Babansu ya riƙe hannunsu su ga kara daga gefe, ba tsakiyar shanu ba. Yaro ba ya tuna nawa aka kashe, wanda ya kai shi yake tunawa.

Allah Ya raya mana su, Ya tsare mana su a gida da waje.