Kafin a rushe na ƙarshe: ya kamata gwamnati ta tuna da tsofaffin gidajen silima na Arewa

Baƙon da ya sauka Kano ya ce a kai shi Wapa, za a ajiye shi a Fagge, a tsakiyar 'yan canji. Kaɗan ne daga cikin matasan da ke ƙirga dala da riyal a wurin za su iya gaya masa cewa an taɓa yin wani gidan silima mai wannan suna a wurin. Haka tarihin gidajen silima ke salwanta a Arewa: da farko a daina nuna fim, sai a sayar da ginin, daga baya a manta abin da ya taɓa kasancewa. Lokaci ya yi da Gwamnatin Tarayya za ta ɗauki abin da ya saura daga waɗannan gine-gine a matsayin kayan tarihi, ta kuma tsare aƙalla guda ɗaya da doka.

Hausawa sun fara ganin hoto mai motsi ne a majigi, wanda Turawan mulkin mallaka ke yawo da shi a mota suna nuna tsafta da noma da ikon Ingila. Wasu ma dodon bango suka riƙa kiransa. A 1937 aka buɗe gidan silima na Rex a wajen ganuwar Kano, kuma harkar ta daɗe a hannun 'yan kasuwa Labanawa. Ranar 13 ga Mayu, 1951, gobara ta tashi a silimar El Duniya ta halaka mutum 331, masifar da jama'a da yawa suka fassara da fushin Allah. Duk da haka, a 1952, zamanin Sarki Abdullahi Bayero, aka buɗe Palace a Jakara kusa da kasuwar Kurmi, silima ta farko a cikin birni. Ba a karɓe ta da lale ba, don sai da matasa suka riƙa jifan 'yan kallo da duwatsu ta saman katanga.

Daga nan Plaza da Orion da Eldorado da Marhaba suka zama sunayen da kowane Bakano ya sani. A kan bencinansu ne talaka ya fara ganin Bambai da Hongkong, a nan kuma finafinan Indiya suka kama zukata har aka haddace waƙoƙinsu ba tare da an san yaren ba. Wanda yake son ya fahimci inda Kannywood ta samo rawa da waƙa da labarin auren dole, tun daga Turmin Danya na 1990, dole ya koma waɗannan gidaje. Masana'antar da ake alfahari da ita a taruka a Abuja a can aka yi rainonta.

Abubuwa da yawa ne suka taru suka durƙusar da su. Faɗuwar naira bayan shirin tsuke bakin aljihu na 1986 ta sa sayo finafinai daga waje ya gagara. Kaset na bidiyo ya mayar da kallo cikin gida, inda matan aure, waɗanda da ma ba sa zuwa silima, suka zama manyan 'yan kallo. A ƙarshen 2000, bayan ƙaddamar da Shari'a, gwamnatin Kano ta dakatar da harkar fim, sannan ta kafa hukumar tace finafinai a 2001. Yau babbar barazanar ita ce tsadar fili. Ginin da ke tsakiyar gari wanda ba ya kawo kuɗi, mai shi ko magadansa ba sa jimawa ba su ji tayin masu gina shaguna ba.

Akwai masu cewa babu abin kewa a nan, kuma bai kamata a raina hujjarsu ba. Iyaye da malamai sun daɗe suna kallon bakin silima a matsayin matattarar shaye-shaye da 'yan daba, kuma ba duka zarginsu ne ƙage ba. Ƙarfin wannan ra'ayi ya bayyana a 2016, lokacin da Gwamnatin Tarayya ta janye shirin gina alƙaryar fim a Kofa ta ƙaramar hukumar Bebeji bayan malamai sun yi ca. Sai dai adana gini daban, farfaɗo da abin da ake yi a cikinsa daban. Ita kanta Palace asibiti aka mayar da ita. Ana iya mayar da tsohuwar silima ɗakin taro, ko gidan tarihi, ko wurin koyar da matasa ɗaukar hoto, a bar fuskarta da ɗakin injinta da allon da ke bayanin abin da ya faru a wurin. Malamin da ya yi wa'azi a kan silima shi ma yana cikin wannan tarihi, kuma jikokinsa ba za su gane abin da ya yi yaƙi da shi ba idan babu ko bango.

Dokar da za ta yi wannan aiki tana nan. Doka mai lamba 77 ta 1979 ce ta kafa Hukumar Gidajen Tarihi da Wuraren Tarihi ta Ƙasa, ta kuma tanadi hanyar ayyana gini a matsayin abin tarihin ƙasa. Ganuwar Kano da Gidan Makama da hasumiyar Gobarau ta Katsina duk suna cikin jerin, amma babu tsohon gidan silima na Arewa ko ɗaya. Kuma sa suna a takarda kaɗai ba ya wadatarwa. Ilojo Bar da ke Legas yana cikin jerin tun 1956, amma a Satumbar 2016 aka wayi gari an rushe shi. Dokar da ba ta tanadi kuɗin gyara da diyyar mai gini ba, katafila ba ta jin tsoronta.

Shekarar da aka rushe Ilojo Bar, a ita aka yi wata sa'a da ba a cika yin irinta sau biyu ba. An tsinci faifan fim ɗin Shehu Umar, wanda Adamu Halilu ya shirya a 1976 daga littafin Abubakar Tafawa Ɓalewa, a cikin tarin gwangwanayen da aka yasar a wani tsohon ginin Hukumar Finafinai ta Najeriya a Legas. Sai da wata cibiya a Jamus ta gyara shi kafin aka nuna shi a bikin finafinai na Balin a 2018. Faifai ana iya ɗaukarsa a jirgi a kai shi asibiti a Turai, gini kuwa idan ya faɗi ya faɗi ke nan. Iritiriya ta gane haka: silimar Impero da ke Asmara, wadda aka gina a 1937, sa'ar Rex, tana tsaye, kuma tana cikin gine-ginen da suka sa UNESCO ta sanya birnin a jerin wuraren tarihi na duniya a 2017.

Ma'aikacin da ke kwana a Suleja, ya yi sammako ya bi ta Madalla da Zuba zuwa Sakatariyar Tarayya, ba ya buƙatar zuwa Kano ko Asmara don ya ga yadda sakaci ke cin tarihi. Garin da yake kwana shi ne ainihin Abuja, kafin ya sadaukar da sunansa ga sabon babban birni bayan dokar 1976. A nan Michael Cardew ya kafa cibiyar ginin tukwane a farkon shekarun 1950, inda Ladi Kwali ta yi suna har hotonta ya hau takardar naira 20, amma cibiyar ta shafe shekaru a yashe. Idan haka ta faru da wurin da kowa ke yabo, ina ga ginin da rabin gari ke jin kunyar ambatonsa?

Aikin ba mai tsada ba ne a matakin farko. Ma'aikatar da ke kula da al'adu ta umarci Hukumar Gidajen Tarihi da Hukumar Finafinai da ke Jos su zagaya Kano da Zariya da Kaduna da Katsina da Sakkwato da garuruwan Neja, su ƙidaya abin da ya saura, su ɗauki hotuna, su gano masu mallaka. A naɗi muryar tsofaffin masu kunna inji da masu sayar da tikiti tun suna raye. Sannan a zaɓi gini ɗaya, a zauna da masarauta da malamai da gwamnatin jiha a kan amfanin da za a yi da shi, a sa kuɗinsa a kasafi da sunansa.

Irin wannan shawara ba daga bakin minista take farawa ba. Wani mataimaki ne ke rubuta takardar, wani darakta ya sa hannu, wani jami'in kasafi ya bar layin ko ya goge shi. Su ne za su yanke ko za a fara ƙidayar a kasafin baɗi, ko kuwa sai an wayi gari ragowar gidajen sun bi sahun Wapa, suna kawai a bakin ɗan adaidaita sahu.