SHARHI: Kayan Tarihin Kudancin Kaduna Sun Fi Ƙarfin Kalanda

Duk ɗan Arewa mazaunin Ikko da ya taɓa shiga gidan ajiye kayan tarihi na Onikan, ko kuwa ɗansa ya dawo daga makaranta da littafin tarihin Nijeriya, ya san wani kan mutum na yumɓu mai idanu masu kusurwa uku da ƙwayar ido a huje. Turawa suna kiransa "Kan Jama'a". Da yawa daga cikin masu kallonsa ba su san cewa Jama'ar da ake nufi ita ce ta Kafanchan ba, watau garin da iyayensu suke sauya jirgi in za su Jos ko Inugu tun da aka haɗa hanyoyin reluwe a can cikin 1927.

Labarin kan nan abin dariya ne, abin takaici kuma. A cikin 1943 aka tono shi wajen haƙar kuza, wani ma'aikaci ya kai shi gonarsa ta doya ya kafa don korar tsuntsaye. Sai da ya shekara yana wannan gadi kafin ya kai hannun Bature Bernard Fagg, wanda ya lura ya yi kama da wani da aka tono a ƙauyen Nok tun 1928. Daga nan sunan wannan ƙauye na ƙasar Ham, cikin Ƙaramar Hukumar Jaba, ya zagaye duniya. Fagg ɗin nan shi ne ya kafa gidan tarihi na Jos a 1952. Daga 2005 masanan Jami'ar Goethe ta birnin Firankfot a Jamus suka yi shekaru suna tono tare da 'yan Nijeriya, suka nuna cewa mutanen Nok sun soma zama a yankin tun kimanin shekara 1,500 kafin haihuwar Annabi Isa, suna noman gero da wake, daga baya suka iya narka tama. Har alamar kakin zuma an samu a cikin tukwanensu. Wanda yake ɗari-ɗari da batun mutum-mutumi sai ya dubi wannan ɓangare: tarihin noma ne da ƙira, ba wanda ya ce a yi wa kan yumɓu sujada.

To, wa ke da alhakin jawo jama'a su zo su gani? Kayan da ke cikin ƙasa na Gwamnatin Tarayya ne, a ƙarƙashin Hukumar Gidajen Tarihi da aka kafa a 1979, kuma tana da ƙaramin gidan tarihi a Nok. Amma hanya da masauki da ɗan jagora da shela, wannan aikin jiha ne. Dokar soja mai lamba 81 ta 1992 ta tanadi hukumar yawon buɗe ido a kowace jiha, da kwamiti a kowace ƙaramar hukuma. A 2013 kuma Kotun Ƙoli ta yanke hukunci a shari'ar Gwamnatin Tarayya da Jihar Ikko cewa kula da otal-otal da makamantansu hurumin jihohi ne. Saboda haka masu riƙe da wannan ofis a Kaduna ba su da inda za su tura laifi.

Ba za a ce ba su yi komai ba. Sunan Nok da na Matsirga da Dutsen Kagoro ba su taɓa ɓacewa daga takardun tallar jihar ba, kuma manyan gwamnati sukan halarci bikin Afan na Kagoro ran 1 ga Janairu, da Tuk Ham na Kwoi wajen lokacin Ista. Sai dai a lura, bukukuwan nan mutanen gari ne suka raya su da kuɗinsu da ƙafarsu. Afan ya yi ƙarfi ne a zamanin marigayi Sarkin Kagoro Malam Gwamna Awan, wanda ya yi fiye da shekara 60 bisa gado har rasuwarsa a 2008, kuma sirrinsa ɗaya ne: kowa ya san ranar. Ɗan Kagoro da ke aiki a Apapa ko Fatakwal ba ya bukatar a buga masa kalanda kafin ya nemi hutu. Kwana ɗaya ke nan a shekara. Sauran kwana 364 fa?

A nan ne aikin yake, kuma a nan ne aka yi asara. Cikin shekarun 1990 dillalan kayan tarihi suka afka wa yankin, suna ba matasa 'yan kuɗi kaɗan su haƙe gonaki, a fasa goma a fitar da ɗaya. A shekara ta 2000 aka baje wasu mutum-mutumin Nok a gidan tarihi na Louvre a birnin Faris, aka yi ta cece-kuce, har a 2002 Faransa ta amsa cewa mallakar Nijeriya ne amma ta riƙe su aro na shekara 25. Manomin da ya sayar da abin da ya tono bai yi daidai ba, doka ma ta hana. Amma a tambaya, me ya taɓa shiga aljihunsa daga wannan suna da ƙauyensa ya yi? In baƙo ya zo da motar gwamnati, ya ɗauki hoto, ya koma Kaduna ya ci abinci ya kwana, to mai gona zai ci gaba da ganin dillali a matsayin mutum ɗaya tak da ya san darajar gonarsa.

Don haka abin da ya kamata hukumar ta sa gaba shi ne kuɗin baƙo ya tsaya a ƙauyen. A horar da samarin Nok da na Madakiya, kusa da inda ruwan Matsirga yake faɗowa daga tsayin kusan mita 30, su zama 'yan jagora masu takarda da tsayayyen farashi, waɗanda za su iya bayani da Hausa da Turanci da harshen gida. A kafa allon kwatance tun daga tashar motar Kafanchan. A gina rumfa da makewayi, a bar matan gari su sayar da abinci da citta, tun da citta ita ce arzikin ƙasar Jaba. A kuma zauna da sarakunan yankin a yanke rabon da gari zai samu daga kuɗin shiga, a rubuta, a manna inda kowa zai gani. Duk wannan bai kai kuɗin tura tawaga guda zuwa bikin baje koli a ƙasar waje ba.

Akwai maganar tsaro, ba kuwa ƙarama ba ce. A watan Fabrairu na 2017 aka sace Farfesa Peter Breunig da abokin aikinsa a wurin tono a Janjala, aka kashe mutum biyu 'yan gari da suka bi sawu don ceto su. A watan Afrilu na 2019 aka kai hari gidan shaƙatawa na Kajuru, aka rasa rayuka. Wanda zai tallata wuri dole ya faɗi gaskiya game da hanya, ya kuma shirya rakiya tare da 'yan sanda da 'yan sintirin gari. Ɓoye gaskiya don kada baƙo ya tsorata, ranar da abu ya faru ita ce ranar da talla ta mutu.

Kuma tun da Bature ba zai dawo da wuri ba, sai a daina jiransa. Baƙon da ya fi kusa shi ne ɗan gida. Dubban 'yan Arewa ne ke barin Agege da Idi-Araba da Sabon Badun da Fatakwal kowace Sallah da Kirsimeti, da 'ya'yan da aka haifa a Kurmi, waɗanda suka karanta Nok don jarrabawa ba su taɓa taka ƙasarta ba. Gani ya kori ji. Ƙungiyoyin ci gaban garuruwan Kudancin Kaduna suna da rassa a Ikko, sarakunan Hausawa na unguwanni kuma suna da fada da jama'a. Hukumar ta aiko musu da takarda guda da Hausa, mai ɗauke da ranakun buɗewa, da kuɗin shiga, da kuɗin mota daga Kafanchan, da inda iyali za su kwana, ta iso kafin watan Disamba ya kama.